Daga Abin Tsoro Zuwa Hajar Kasuwa: Tarihin Iskokin Turai a Littattafan 'Yan Wika

Tarihinmu na yau zai kai mu tsibiran Birtaniya da Ayilan, daga can kuma mu tsallaka Amurka.

Duk mai yara a gida ya taɓa ganin 'yar mitsitsiyar yarinyar nan ta cikin katun, mai fukafukai irin na malam-buɗe-littafi, riƙe da 'yar sanda mai tauraro. Turawan Ingila suna kiran wannan halitta fairy. A yau shagunan littattafai na Amurka da Birtaniya cike suke da littattafan mabiya wani sabon addini mai suna Wika, masu koya wa mai karatu yadda zai ƙulla abota da waɗannan halittu, su taya shi neman sa'a, ko soyayya, ko albarkar lambu. To amma manoman Ayilan da Sikotlan, waɗanda su ne masu labarin tun asali, tsari suke nema daga gare su. Akwai matan da aka ƙone saboda sun ce sun yi hulɗa da su. Yaya aka yi abin da kakanni ke gudu ya zama abin da jikoki ke saya da kuɗinsu?

Hausa ba ta da kalmar da ta yi daidai da fairy. Mafi kusa ita ce iskoki, ita zan riƙa amfani da ita don sauƙi, ba don ina cewa su ne aljanun da Alƙur'ani ya ambata ba. Tarihin abin da wasu mutane suka gaskata muke bayarwa. Hukuncin sihiri a addini kuwa sananne ne ga kowa.

MAƘWABTAN DA BA A KIRAN SUNANSU

A harshen Ayilan ana ce musu aos sí, wato mutanen tuddai. Tsofaffin littattafan da limaman coci suka rubuta tun wajen ƙarni na 11 sun kawo labarin wata al'umma mai suna Tuatha Dé Danann, wadda ta mallaki tsibirin kafin zuwan kakannin mutanen yanzu. Labarin ya ce da aka ci su da yaƙi sai aka raba ƙasar biyu: masu nasara suka ɗauki doron ƙasa, su kuma suka shige ƙarƙashin tuddai. Talakawa suna da nasu bayanin. Wasu suka ce mala'iku ne da aka koro daga sama, laifinsu bai kai na shiga wuta ba. Wasu kuma suka ce matattu ne.

Tsoronsu ya sa ba a ambatar sunansu kai tsaye. A Ayilan a ce “mutanen kirki”, a Sikotlan a ce “maƙwabtan kirki”, a Wels a ce “kyawawan dangi”. Bahaushen da ya saba jin ana cewa “mutanen ɓoye” ya san wannan dabarar: ana sakaya sunan abin da ake tsoro don kada a ja hankalinsa.

A labaran mutanen karkara yawancinsu tsayinsu ɗaya da ɗan Adam, ko sun ɗan gaza, kuma ba su da fukafukai. Suna da sarauniya, suna biki, suna kiɗa da rawa, suna hawan dawakai. An ce suna zaune a kufan tsofaffin gidaje masu zagayayyar ganuwar ƙasa, waɗanda fiye da 30,000 suke warwatse a Ayilan, da kuma gindin wata bishiya mai ƙaya da fararen furanni idan ta tsiro ita kaɗai a tsakiyar gona. Manomi ba ya sare ta, sai dai ya kewaye ta da garmarsa. An fi jin tsoronsu a daren shigowar 1 ga Mayu da na 1 ga Nuwamba, lokacin da aka ce ƙofofin tuddai a buɗe suke.

Ɓarnar da ake jingina musu ita ce irin wadda ke karya talaka. Idan saniya ta daina ba da nono, su ne. Idan ta faɗi ba ciwon komai, an ce sun harbe ta, har a nuna kan kibiya na dutse da aka tsinta a gona a ce makaminsu ne, alhali na mutanen zamanin da ne. Littattafan magani na Ingila na ƙarni na 10 sun kawo magungunan wannan harbin. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne musaya: a ce sun sace jariri ko mai jego, sun bar nasu mai kama da shi. Don haka uwa kan gitta ƙarfen murhu a kan gadon jariri, domin an ce suna gudun ƙarfe, kamar yadda wasu tsofaffinmu ke ajiye wuƙa kusa da kan jinjiri. Akan kuma bar musu madara a bakin ƙofa da dare don a zauna lafiya.

Wannan imani ya ci rayuka, har a zamanin jirgin ƙasa da jarida. A watan Maris na 1895, a ƙauyen Ballyvadlea da ke yankin Tipperary, wata tela mai shekara 26, Bridget Cleary, ta kwanta rashin lafiya. Mijinta Michael, mai sana'ar haɗa gangunan katako, ya haƙiƙance cewa an ɗauke matarsa, wadda ke kwance musaya ce. A gaban 'yan uwanta aka yi mata ɗuren magani, aka kara ta a wuta ana tambayarta ko ita wace ce, daga ƙarshe ya zuba mata kananzir ta ƙone. Bayan haka ya kwashe darare yana jira a wani kufai, wai matarsa ta gaskiya za ta fito a kan farin doki ya ƙwato ta. Kotu ta yanke masa shekara 20, ya yi 15. Likitoci da masana tarihi sun lura cewa yawancin yaran da ake kira musaya, yara ne masu larurar da ba a san ta ba a lokacin. Mu ma mun san irin maganar da akan yi wa yaron da wuyansa bai tsaya ba, a ce ɗan ruwa ne, alhali asibiti yake buƙata.

A GABAN ALƘALI

Inda akwai tsoro, akwai masu ba da magani. Kowane yanki yana da bokansa ko bokanyarsa, kuma da yawansu suna cewa iskokin ne suka koya musu. A Sikotlan wannan iƙirarin ya zama abin da ke kai mutum ga halaka bayan dokar 1563, wadda ta sa hukuncin kisa a kan maita da kuma zuwa wurin mayu. Daga wannan shekara zuwa 1736 da aka soke dokar, an tuhumi kusan mutum 4,000, mafi yawansu mata.

Bessie Dunlop, matar wani manomi a yankin Ayrshire, ta gurfana a Edinburgh a watan Nuwamba na 1576. Ta gaya wa kotu cewa wata rana tana kora saniyarta tana kuka, mijinta da jaririnta ba lafiya, sai ta gamu da wani dattijo mai furfura mai suna Thom Reid, wanda ya ce mata ya mutu a yaƙin Pinkie na 1547, yanzu yana zaune tare da sarauniyar iskoki. Ta ce shi ke nuna mata ganyen da za ta ba marar lafiya da inda kayan sata suke. Babu wanda ya ce ta kashe kowa, amma aka yanke mata hukuncin ƙonewa. A 1588 aka yi wa Alison Pearson haka, ita da har babban limamin cocin St Andrews ya sha maganinta. Sarki James na shida ya rubuta littafi a 1597 inda ya ce iskokin nan duk ruɗin Shaiɗan ne. Ke nan mace ta ce “maƙwabtan kirki”, alƙali ya rubuta “Shaiɗan”.

Shari'ar da ta fi tasiri a kan abin da ya biyo baya ita ce ta Isobel Gowdie ta ƙauyen Auldearn a 1662. Sau huɗu tana ba da bayani a gaban masu tuhuma. Ta ce ta ci abinci a fadar sarauniyar iskoki a cikin wani tudu, ta ga inda ake fere kibau, ta kuma ce mayu suna taruwa rukuni-rukuni, kowane rukuni mutum 13, ana kiransa coven. Ku riƙe wannan kalma da wannan adadi, za mu sake gamuwa da su.

YADDA FUKAFUKAI SUKA TSIRO

Yayin da ƙauye ke tsoro, birni ya fara wasa da su. Wajen 1595 Shakespeare ya rubuta wasan kwaikwayon da ya sa sarkin iskoki Oberon da sarauniya Titania suna rigimar miji da mata, barorinsu ƙanana har suna iya ɓuya a kwanson ɗan itace. A ƙarni na 18 da na 19 masu zane suka liƙa musu fukafukan ƙwari. A 1904 wasan Peter Pan ya kawo Tinker Bell, wadda kamfanin Disney ya yaɗa a duniya da fim ɗinsa na 1953.

Akwai wata jijiyar kuma da ta fito daga nahiyar Turai. Paracelsus, likita ɗan ƙasar Suwizalan da ya mutu a 1541, ya rubuta cewa ƙasa da ruwa da iska da wuta kowanne yana da halittun ɓoye da ke zaune a cikinsa. Tunanin masu ilimi ne, bai da alaƙa da manomin Ayilan. Ƙungiyoyin asiri na Landan, musamman Golden Dawn da aka kafa a 1888, suka ɗauke shi suka raba wa kusurwoyi huɗu: iska a gabas, wuta a kudu, ruwa a yamma, ƙasa a arewa. Mabiya ƙungiyar Tiyosofi, wadda aka kafa a New York a 1875, suka ƙara da cewa aikin iskoki shi ne rainon tsirrai da furanni.

Masu tattara tatsuniyoyi su ma sun sa hannu. Thomas Crofton Croker ya buga labaran kudancin Ayilan a 1825, yana gyara su don su yi wa mutanen birni daɗi. Mawaƙi W. B. Yeats ya buga nasa a 1888, ya kasa iskokin gida biyu, masu tafiya a ayari da masu zaman kaɗaici. Shekara 2 bayan haka ya shiga Golden Dawn. A hannun irinsa labarin ƙauye da tsafin birni suka fara cakuɗuwa.

Sai kuma hotunan Cottingley. A 1917 wasu 'yan mata biyu 'yan uwan juna a arewacin Ingila, Elsie Wright mai shekara 16 da Frances Griffiths mai shekara 9, suka ɗauki hotuna da ke nuna su tare da 'yan iskoki masu fukafukai a bakin rafi. Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, ya gaskata, ya buga su a mujalla a 1920. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ya yi tsawo. A 1983, suna tsofaffi, suka bayyana cewa zane ne suka yanka suka kafa da allurar hula, ko da yake Frances ta tsaya a kan cewa hoto na biyar gaskiya ne. Kafin lokacin wannan siffar ta riga ta zauna a zukatan jama'a.

MURRAY DA GARDNER

Margaret Murray masaniyar tarihin Masar ce a jami'ar Landan. A littattafanta na 1921 da 1931 ta ce matan da aka ƙone mabiya wani tsohon addini ne da ya girmi Kiristanci, wanda ya rayu a ɓoye. Ta ɗauki maganar Isobel Gowdie ta rukunin mutum 13 ta mai da ita tsarin wannan addini a duk yammacin Turai. Game da iskoki kuwa, ta bi ra'ayin David MacRitchie na 1890 cewa mutane ne gajeru na zamanin kayan aikin dutse, waɗanda masu makaman ƙarfe suka kora zuwa tuddai, shi ya sa suke gudun ƙarfe. Bayani ne mai daɗin ji, sai dai masu haƙa kufai ba su samu ƙasusuwan wata gajeriyar al'umma ba. Masana irin su Norman Cohn a 1975 sun nuna cewa takan yanke sassan bayanan kotu da ba za su yiwu ba, kamar tashi sama, ta bar waɗanda suka dace da ra'ayinta. Duk da haka ita ta rubuta bayanin maita a kundin Britannica a 1929, aka yi ta maimaita shi kusan shekara 40.

Wanda ya mai da ra'ayin addini shi ne Gerald Gardner, wanda aka haifa a 1884. Ya yi aiki a gonakin shayi da roba, sannan ya zama jami'in kwastan a Malaya, ya yi ritaya a 1936. Ya ce a 1939 wani rukunin mayu da ya rage a kudancin Ingila ya shigar da shi asirinsa. Da aka soke dokar maita ta Ingila a 1951 sai ya fito fili, ya buga Witchcraft Today a 1954, Murray ta rubuta masa gabatarwa. A ciki ya ware babi ga gajerun mutanen nan, ya ce su ne abokan mayu da malamansu. Ya kira rukunin mabiyansa coven, cikarsa mutum 13. Kalmar da aka rubuta daga bakin matar da ke gaban masu tuhuma ta zama tsarin ibada bayan kusan shekara 300.

A lura, maitar da 'yan Wika ke kiran kansu da ita ba ta kamun kurwa ba ce irin wadda Bahaushe ya sani. Suna bauta wa abin bauta mace da namiji, suna bukukuwa 8 a shekara, suna yin tsafi a cikin da'ira, kuma ƙa'idarsu ta hana cutar da kowa. Farfesa Ronald Hutton na jami'ar Bristol ya nuna a littafinsa na 1999 cewa an harhaɗa ibadun ne daga rubuce-rubucen Murray, da na matsafi Aleister Crowley, da tsarin ƙungiyar Firimesin, da wasunsu. A ƙidayar 2021 mutum 13,000 a Ingila da Wels suka ce Wika ne addininsu.

KASUWAR AMURKA

Raymond Buckland ya kai addinin New York a farkon shekarun 1960. A California kuma Victor Anderson da matarsa Cora sun kafa nasu tsarin mai suna Feri. Ɗalibarsu Starhawk ta buga The Spiral Dance a 1979, inda ta sake kawo labarin gajerun mutanen tuddai a matsayin tarihi, shekara 4 bayan Cohn ya rushe hujjojin Murray. A 1988 Scott Cunningham ya buga littafin da ya ce mutum na iya yin Wika shi kaɗai a ɗakinsa, ba malami ba rukuni. Littafi ya zama shi ne malami, kasuwa ta buɗe. Kamfanin Llewellyn na jihar Minnesota ya fitar da na Ted Andrews a kan iskoki a 1993, da na Edain McCoy a 1994 mai ɗauke da jerin iskoki fiye da 200 daga ƙasashe daban-daban, da jerin Faery Wicca na Kisma Stepanich.

Wanda ya san tarihin da muka bi zai iya warware irin waɗannan littattafai zare-zare. Madara da zuma da ake ajiyewa, da darare biyun nan na Mayu da Nuwamba, daga ƙauye suka fito. Kiran halittun kusurwoyi huɗu a bakin da'ira na Paracelsus ne da Golden Dawn. Iskoki masu rainon furanni na Tiyosofi ne. Hoton bango na masu zanen ƙarni na 19 ne. Kyandir, da duwatsu masu ƙyalli, da katunan duba, da rufe ido a sawwara tafiya cikin tudu, ƙarin zamani ne. Babban abin da ya juya shi ne manufa. Madarar da tsohuwa ke ajiyewa don su ci su wuce, yanzu ta zama goron gayyata. Ƙarfen da uwa ke gittawa don ta kore su, yanzu ana shawartar mai karatu ya kawar da shi don kada baƙi su ji haushi. Littattafan sukan yi gargaɗi a kan miyagu daga cikinsu, amma da wuya a ji ɗuriyar Bessie Dunlop ko Bridget Cleary.

Wani lokaci kayan aron ba ya rufe katara. McCoy ta buga wani littafi a 1993 a kan abin da ta kira tsohon addinin Ayilan, ta sa masa suna Witta. Masu suka suka nuna cewa haruffan gargajiya na harshen Ayilan 18 ne, babu W a ciki. Suka kuma nuna cewa ta ba dankali matsayi a wannan tsohon addini, alhali dankalin da muke kira na Turawa shi kansa baƙo ne a Turai, daga Kudancin Amurka aka kawo shi a ƙarni na 16. Adalci ne a faɗi cewa 'yan Wika da yawa a yau sun yarda addininsu sabo ne, kuma marubuta irin su Morgan Daimler sun koma ga tushen labaran, suna gargaɗin cewa mutanen tuddai ba abin wasa ba ne.

ABIN DA YA BA SU BAKIN MAGANA

Me ya sa mutanen Ayilan suka iya cewa wannan namu ne, wancan ƙari ne? Domin sun rubuta nasu. A 1935 gwamnatinsu ta kafa hukumar tattara al'adun baka. Daga 1937 aka tura yara fiye da 50,000 daga makarantun firamare 5,000 su zauna da kakanninsu da tsofaffin unguwa, su rubuta abin da suka ji, tare da sunan mai ba da labari da shekarunsa da ƙauyensa. Aka tara shafi kusan 740,000, yau da yawansu suna intanet. Kuma tsohon imanin bai mutu ba. A 1999 mai ba da labarai Eddie Lenihan ya yi ta kiraye-kiraye a kan wata bishiyar iskoki a Latoon da ke yankin Clare, aka gina babbar hanya aka bar ta a tsaye.

Mu ma baƙi sun rubuta namu. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda malamanmu suka rubuta da ajami, sunan Frank Edgar ne a bangonsa, kuma a Belfast aka buga shi daga 1911 zuwa 1913, a tsibirin Ayilan ɗin nan da muke magana a kai. A. J. N. Tremearne ya buga littafinsa a kan bori a 1914, kuma yawancin abin da ke ciki daga bakin Hausawa mazauna Tunis da Tarabulus ya ji shi, mutanen da ke zaune nesa da gida kamar mu. Abin da aka yi wa labaran Ayilan ana iya yi wa na kowa: a tsince mai daɗi, a zubar da mai ɗaci, a sayar wa jikokin masu shi.

Yaranmu da aka haifa a Sabo da sauran unguwanninmu na kudu, da yawansu sun san Tinker Bell, ba su san Gizo da Ƙoƙi ba. Kowa yana da waya a aljihu. Wanda Allah ya bar masa kaka ko tsohuwa a gida, ya zauna da ita, ya naɗi tatsuniyoyinta da labaran garinsu yadda ta faɗe su, da mai daɗi da marar daɗi, ya rubuta sunanta da garinta da ranar da ta faɗa. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.